Yadda Ake Karanta Tarihin Tsohon Gidan Limami Daga Jikin Gininsa

A ƙauyen Alfriston, cikin gundumar Sussex ta Gabas a kudancin Ingila, akwai wani gida na katako da laka mai rufin ciyawa wanda ke tsaye a gefen cocin ƙauyen tun wajen shekarar 1400, kuma an san shi da gidan limaman coci. Ba fada ba ce, ba kuma ganuwa ba ce. Gidan zama ne na mai matsakaicin hali, amma masana gine-gine sun shafe fiye da ƙarni guda suna auna shi, suna bin katakansa ɗaya bayan ɗaya, har suka fitar da labarin da takardun cocin ba su ɗauke da shi. Hanyar da suka bi ita ce abin koyo a nan, domin ɗalibin tarihi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko malamin makaranta, ko magini mai son sanin asalin sana'arsa, zai iya ɗaukar ta ya shiga da ita gidan wani tsohon limami a Limanci, ko a Bagalam, ko a Tibiri, ya fito da abin da za a iya dogara da shi. Duk abin da baki ya faɗa, da duk abin da takarda ta rubuta, sai an kai shi gaban ginin an gwada, kuma gwajin yana da tsarin da ake bi.

Mai gidan da abin da yake ci

Kafin ka ɗaga ido ka dubi rufi, sai ka san irin mutumin da aka gina wa gidan da inda abincinsa yake fitowa, domin girman ɗaki da yawan ɗakuna suna bin abin hannu da yawan iyali. A Ingila ta ƙarni na 14 da na 15 kowane ƙauye ko tarin ƙauyuka yana ƙarƙashin coci guda da limaminta, kuma doka ta wajabta wa manoma su ba da ushirin amfanin gona da na dabbobi. Ban da ushiri akwai gonar da aka keɓe wa cocin, wadda limamin ke nomawa ko ya ba da ita haya. Sai dai sau da yawa wani gidan ƴan zuhudu mai ƙarfi yakan karɓi ikon cocin, ya riƙe babban ushiri na hatsi da na ciyawar dabbobi, sa'an nan ya naɗa na'ibi wanda zai zauna cikin ƙauyen yana jan ibada, a bar masa ƙaramin ushiri irin na ƙwai da madara da ƴan tumaki, tare da gidan zama. Haka ta faru a Alfriston a 1398, lokacin da aka miƙa cocin ga gidan ƴan zuhudu na Michelham, wanda aka kafa a 1229 ba nisa da ƙauyen. Wannan shekara ta 1398 za ta yi amfani a gaba.

Limamin Katolika na wancan zamani kuma ba ya aure. Babban taron coci da aka yi a birnin Roma a 1139 ya soke duk auren da limami ya ƙulla, kuma Ingila ba ta halatta wa limamanta aure ba sai a 1549, bayan ta fita daga ikon Fafaroma. Saboda haka mazauna irin wannan gida a farkonsa su ne limamin, da mataimakinsa in yana da shi, da barori, da matafiyin da dare ya yi masa a hanya, tun da saukar baƙi na cikin abin da ake tsammani daga gare shi.

A wajenmu lissafin ya sha bamban. Limamin unguwa ko malamin zaure mai iyali ne, ga mata, ga ƴaƴa, ga almajirai, kuma abin hannunsa yana fitowa daga gona, da zakkar hatsi da ake kawo masa da kaka, da sadakar ɗaurin aure da ta suna. Tambayoyinka na farko su ne: mutum nawa ke kwana a gidan lokacin da aka gina shi, ina almajirai ke kwana, ina rumbu yake, ina kuma ake hura wutar karatun dare da na asuba.

Kada ka tunkari gidan da ma'auni a hannu. Ka fara da mai unguwa, shi ya haɗa ka da babban gidan. Ka je bayan la'asar, ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa ka ce “Allah ya gafarta Malam,” ka kuma bayyana tun da wuri cewa ba daga ofishin haraji ko na filaye kake ba, domin duk wanda ya ga ana auna gidansa abin da ke fara zo masa a rai ke nan. Cikin gida kuwa ba hurumin baƙo namiji ba ne, don haka a tafi da ɗaliba mace wadda za ta yi awo da tambaya a can. Wannan ba asara ba ce, domin tsofaffin matan gida sun fi kowa riƙe wane ɗaki aka gina wa wace amarya, kuma a wace shekara.

Inda gidan ya zauna

Ka tsaya nesa kaɗan ka dubi gidan tare da maƙwabtansa. Na Alfriston yana dab da cocin Saint Andrew, wadda aka gina da dutsen ƙanƙara a siffar gicciye cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 14, a kan wani ɗan tudu da ke bakin dandalin ƙauyen, kusa da kogin Cuckmere. Kusancin nan shi ne hujja ta farko cewa gidan na ma'aikacin cocin ne, amma hujja ce mai rauni in ta tsaya ita kaɗai, tun da manomi ma yana iya gini kusa da coci.

A Maraɗi wannan mataki yana da nauyi na musamman. Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarautar ta yo arewa, kuma wajen 1819, a zamanin Ɗan Kasawa, Maraɗi ta zama mazauninta. Tsohon garin yana cikin kwari ne, sai ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ta ci shi, aka hau tudu aka yanka sabon gari da miƙaƙƙun tituna. Ma'anar wannan ita ce, gidan limanci yana iya samun tarihin shekara ɗari biyu a bakin mutanensa alhali bangon da kake taɓawa bai girmi 1945 ba. Ba ƙarya aka yi maka ba. Tarihin zuriya daban, tarihin gini daban, kuma aikinka shi ne ka rubuta kowanne a shafinsa. Ka kuma tambaya ko an kwaso azara ko ƙyaure daga tsohon gidan kwari an sake amfani da su, domin azara mai kyau ba a barin ta a kango.

Zagaye daga waje

Ka zagaya gidan sau ɗaya ba tare da rubuta komai ba, sa'an nan ka sake zagayawa da takarda. Gidan Alfriston yana cikin wani fasali da ya yaɗu a gundumomin Kent da Sussex daga ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 16, wanda aka laƙaba wa sunan yankin Weald mai dazuzzuka. A cikakken wannan fasali gidan kashi uku ne a ƙarƙashin rufi guda: gefe da gefe suna da bene, kuma benen yakan turo gaba da kusan rabin mita fiye da bangon ƙasa, tsakiya kuwa ɗaki ne guda daga daɓe har rufi, saboda haka daga waje sai ka ga tsakiyar ta shige ciki, an kuma tokare bakin rufin da wasu lanƙwasassun katakai don ya wuce a miƙe. Duk wanda ya gane wannan siffa ya riga ya san tsarin cikin gidan tun bai shiga ba.

Ƙashin ginin na itacen ok ne, wani itace mai tauri na ƙasashen sanyi. Kafintoci suna sassaƙa shi tun yana ɗanye, domin in ya bushe yakan gagari gizago. Suna fitar da harshe a ƙarshen katako, su fafe rami a jikin wanda zai karɓe shi, su zura, su huda, su buga ƙusar itace. Sukan haɗa kowane bango a ƙasa tukuna, su zana wa gaɓoɓin lambobin Romawa, su kwance, su kai wurin gini su tayar. Tsakanin katakan kuma sai a saƙa ƙananan sanduna a yaɓe su da laka da aka cakuɗa da ciyawa da kashin shanu. Rufin yana da gangara ƙwarai, domin ciyawa ba ta jure ruwa sai gangararta ta kai digiri 45 ko fiye, kuma a can kusan kowane wata ana ruwa.

Nan ne babban bambanci da soronmu yake, kuma dole a riƙe shi wajen nazari. A gidan katako, katakon ne ke ɗauke da nauyi, laka cike gurbi kawai take yi, don haka ana iya sauya ta sau goma gidan bai motsa ba. A soro kuwa bangon tubali ne ke ɗauke da komai, shi ya sa yake da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. A can katako ake tambaya, a nan bango da azara. Ka duba zankwaye, da indararo, da irin yaɓen waje, ko makuba ce ko laso ko siminti, da duk wurin da yaɓe ya ɓanɓare har ana ganin abin da ke ƙarƙashi.

Cikin babban ɗaki

A nan ya kamata ka daɗe. Babban ɗakin tsakiya shi ne zuciyar gidan Ingila na wancan zamani: a nan ake cin abinci, a nan ake karɓar baƙi, a nan barori ke kwana. Murhu yana tsakiyar daɓe, babu bututun hayaƙi, hayaƙin yana tashi ya tsaya a sama har ya samu hanyar fita ta cikin ciyawa ko ta wata ƴar kafa a kusurwar rufi. Dalilin barin ɗakin babu bene ke nan. Tagogi ba su da gilashi, sanduna ne a jere da marufin katako da ake ja a rufe.

Saboda haka abu na farko da mai nazari ke nema shi ne kunkunniya. Ya hau da tocila ya duba katakan rufi: in sun yi baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi, to a da ɗakin a buɗe yake har sama, ko da yanzu an shimfiɗa bene a tsakani. In ya ga baƙin ya tsaya cak a wani layi, daga nan katakan suka zama masu haske, to nan ne iyakar babban ɗakin, ko kuma daga nan aka yi sabon gini. Katako guda mai baƙi a tsakiyar masu haske kuwa alama ce ta cewa an ciro shi daga wani wuri. A zaurukanmu da aka daɗe ana karatun dare da wutar kara ko fitilar aci-balbal, azara tana ba da irin wannan shaida, kuma wurin da kunkunniya ta fi kauri yakan nuna inda malam yake zama.

Daga nan sai ka dubi yadda aka ɗaure rufin. A irin gidan Alfriston wani babban gungume yana gicciye daga bango zuwa bango a tsakiyar ɗakin, a kansa an kafa gajeren ginshiƙi mai rassa, shi kuma yana tallafe da wani dogon katako da ya bi tsawon rufin yana hana katakan jinka kwantawa gefe. Tun da wannan ginshiƙi a idon kowa yake, kafintoci sukan ƙawata shi, kuma yawan adon yana nuna abin da aka kashe. A soro makamancinsa shi ne bakan gizo da ɗaurin guga. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kusan mita biyu, don haka duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa dabara, ko a jera azara hawa-hawa daga bango, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaure baka. Wanda ya ga Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ya ga inda wannan fasaha ta kai. A gidan limamin unguwa ba za ka samu irin wannan ba, amma ka lura da ɗakin da aka yi wa baka da wanda aka bari da miƙaƙƙiyar azara, domin wurin da aka kashe kuɗin gwani shi ne wurin da mai gidan ya fi ɗauka da daraja. Sau da yawa zaure ne ko ɗakin littattafai, ba turaka ba.

Babban ɗakin Ingila yana da kai da gindi. A gindi akwai ƙofofi biyu masu fuskantar juna, ta gaba da ta baya, da hanya a tsakaninsu, bayan hanyar kuma ɗakunan ajiya biyu, ɗaya na burodi da abinci, ɗaya na abin sha. A kai kuwa akwai benci da tebur na mai gida, da gungume mai sassaƙa a bisa kansa, bayansa kuma ɗakinsa na keɓe da benen kwana. Madafa sau da yawa a waje take, don tsoron gobara. Matsayin mutum yana bayyana daga inda ya zauna cikin ɗaki guda. Mu kuma matsayin yana bayyana daga inda aka tsayar da mutum: wani a dakalin ƙofar gida, wani a zaure, wani a shigifa, ƙalilan ne ke wucewa. Ka zana wannan jeri a taswirarka da kibiya, ka rubuta wane ne ke kaiwa ina.

Kada a manta da ƙasa. Daɓen babban ɗakin Alfriston na dakakken alli ne da aka zuba wa nono mai tsami aka daɓe har ya ƙanƙare, dabarar da matan da suka san daɓen makuba ba za su yi mamakinta ba. Sai dai daɓe yana cikin abubuwan da ake yawan sabuntawa, don haka kada a ɗora shekarun gida a kansa.

Tabon sauye-sauye

Gidan da aka zauna cikinsa shekara ɗari shida ba ya zama yadda aka gina shi. Cikin ƙarni na 16 mutanen Ingila suka koma gina bututun hayaƙi na jan bulo, kuma da hayaƙi ya samu hanya sai aka shimfiɗa bene a kan manyan ɗakuna don ƙara wurin kwana. Da limamai suka fara aure, gidajen da aka yi wa gwauro da baransa suka yi musu kaɗan, wasu aka faɗaɗa su, wasu aka bar su aka gina sababbi. Na Alfriston daga baya an raba shi an zuba ƴan haya, ma'aikatan gona.

Kowane sauyi yana barin tabo. A katako, ka nemi ramin da babu komai cikinsa, da hudar ƙusar itace da ba ta riƙe da komai: jerin irin waɗannan ramuka a ƙarƙashin gungume yana nufin a da akwai bango a wurin, tazarar da ta fi sauran faɗi kuma ƙofa ce. Ramuka masu siffar lu'ulu'u a jere tsohuwar taga ce, dogon kwarmi a gefensu kuma hanyar marufinta. Lambobin kafinta da suka tsallake ko suka maimaita kansu suna nuna an cire wani abu ko an ƙara. A soro, ka nemi tsagar da ta sauko a miƙe daga sama har ƙasa inda sabon bango ya jingina da tsoho ba tare da sun ɗauru ba, da ƙofar da aka toshe wadda siffarta ke fitowa a ƙarƙashin yaɓe. Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce a rufe ƙofa, a kwantar da tocila a jikin bango ta haska a kaikaice, sai duk wani tudu da kwari ya fito.

Sanya shekara

An daɗe ana rubuta cewa an gina gidan Alfriston wajen 1350, wato jim kaɗan bayan babbar annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanenta. Wannan ƙiyasi ne daga fasalin gini. Daga baya aka yi amfani da ilimin zoben itace. A ƙasashen sanyi itace yana ƙara zobe guda kowace shekara, mai faɗi a shekara mai kyau, siriri a shekara mai wuya, kuma tun da itatuwan yanki guda yanayi guda suke sha, jerin faɗi da sirancin zobensu yakan yi daidai. Sai a huda katako a ciro siririn sanda, a auna zoben, a gwada da jerin da aka riga aka tabbatar da shekarunsa. In zoben waje na kusa da ɓawo suna nan, ana iya sanin lokacin da aka sare itacen, kuma tun da ɗanye ake aiki da shi, lokacin sara kusan shi ne lokacin gini. Binciken ya nuna an sare itatuwan gidan tsakanin 1399 da 1407. Ƙiyasin farko ya kauce da kusan shekara hamsin, sabuwar shekarar kuwa ta faɗo daidai bayan 1398, lokacin da ƴan zuhudun Michelham suka karɓi cocin. Katako da takarda sun haɗu, kuma irin wannan haɗuwa ce ake nema.

Wannan hanya ba ta aiki a kan azara, domin giginya, kamar dabino da goriba, ba ta yin zoben shekara. Dole mu bi wasu hanyoyi. Ta farko ita ce kayan gini: tubalin da aka mulmula da hannu ya girmi bulon laka mai kusurwa huɗu da ake bugawa a akwatin katako, kwano da siminti da ƙyauren ƙarfe sun zo daga baya, dogon yaro kuwa, wanda wasu ke kira bedi, a ƙarni na 20 aka kawo shi ƙasashenmu, don haka rufin da aka yi da sandunansa ba zai zama na zamanin Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na ƙarni na 19, ba. Ta biyu ita ce tambaya da ma'aunin da tsofaffi ke riƙewa. Kada ka ce a wace shekara aka gina. Ka ce kafin ruwan da ya ci gari ne ko bayansa, kafin ƴancin kai na 1960 ne ko bayansa, kafin yunwar 1973 ko ta 1984 da ake kira Ƴar Buhari, a zamanin wane sarki, wane ne aka haifa a shekarar. Ka tambayi mutum uku a lokuta dabam-dabam, kada a gaban juna, domin ƙarami ba ya musa wa babba a zaure.

Ta uku ita ce takarda. A Ingila ana duba rajistar bishop, wato shugaban limaman coci na yanki, da rahoton masu zagayen duba coci, da jerin kadarorin coci da aka riƙa rubutawa daga ƙarshen ƙarni na 16, wanda wani lokaci yake lissafa ɗakunan gidan limami ɗaya ɗaya. A gidan malam kuwa akwai gafaka. Mai kwafe littafi yakan rubuta sunansa da ranar gamawa a shafin ƙarshe, kuma in ka ɗaga takardar a haske kana iya ganin tambarin jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga arewacin Italiya. Amma littafi yana tafiya, gida ba ya tafiya, saboda haka shekarar littafi shaida ce kan mai gidan, ba kan bango ba. Takardun fili na zamanin Faransa da na bayansa sun fi kusa da ginin kansa, kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Yamai wuri ne na neman tsofaffin rahotanni da taswirori.

Labaran da ake so a ji su ma a rubuta su, amma da sunansu na labari. A Alfriston akwai ganyen ok da aka sassaƙa a wani gungume na babban ɗakin, kuma ana yawan faɗa wa baƙi cewa daga nan National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da ke riƙe da gidan, ta samo tambarinta. Ganyen yana nan kowa na gani. Danganta shi da tambarin kuwa zance ne na baka.

Awo da zane

Wannan ba ya buƙatar kayan tsada: ma'aunin mita mai tsawo, da igiya, da takarda mai murabba'ai, da wayar ɗaukar hoto. A auna kowane bango daga ciki, a kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, domin tsohon ɗaki ba ya zama murabba'i sosai, kuma awon kaikaice ne ke kama karkatarsa. A auna kaurin bango a bakin ƙofa da a taga. Santimita biyu a takarda ga kowace mita ɗaya ya wadatar. A nuna gabas, a sa sanda mai tsawon mita a cikin kowane hoto, a ba kowane zamani na gini launinsa a taswira.

Batun gyara

A ƙarshen ƙarni na 19 gidan Alfriston ya zama kango, hukumomin coci sun amince a rushe shi, sai dai aka jinkirta saboda wata tsohuwa da ke zaune ciki, wadda ta rasu a 1888. Sabon limamin ƙauyen, F. W. Beynon, ya tashi neman wanda zai cece shi. A 1895 Octavia Hill da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa ƙungiyar National Trust, kuma a 1896 ta sayi gidan a kan fam 10, ya zama gini na farko da ta mallaka. Alfred Powell ne ya jagoranci gyaran, bisa ra'ayin ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da aka kafa a 1877, wadda ke cewa a gyara abin da ya lalace da irin kayansa, kada a rushe a sake gini da sunan maido da asali. Da an sauya katakan duka a lokacin, da ba a samu abin hudawa aka gano 1399 ba.

A ganina abin da ya fi cin tsofaffin soraye a Maraɗi shi ne yaɓen siminti a kan bangon ƙasa, ya ma fi ruwan sama ɓarna. Simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya kasa fita, bangon ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul, gara kuma ta samu inuwa. In iyalan gida sun nemi shawararka, ka ce a fara da indararo da gangarar rufi kafin damina, a janye ruwa daga gindin bango, a sabunta yaɓe da irin ƙasar da aka yi na farko, a kuma nemo tsohon magini wanda ya san haɗin makuba. Tsohon birnin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, da irin wannan yaɓe na kai a kai yake tsaye. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi ta 1997, kuma ofishin al'adu na jiha shi ne wurin kai rahoton gidan da ya cancanci kulawa, bayan an samu yardar masu shi.

In ya zama dole a cire azarar da gara ta cinye, a ɗauki hotonta a wurinta tukuna, a yanki guntu a sa masa lamba a ajiye, a kuma rubuta shekarar gyara da sunan magini a jikin sabuwar, ta gefen da ƙasa za ta rufe. Taswira da hotuna da bayanan baka a yi su kwafi uku: ɗaya ga babban gidan, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ga sashen tarihi na jami'a.